Makarin Barcin Ƙwaya

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin saurayi kwance a zaure, a tashe shi, a sake tashinsa, ko motsi babu. Sai a ce, "Ku ƙyale shi, abin da ya sha ne, da safe zai wartsake." To, wani barcin ba a kai safiya da shi.

Kodin da taramol da mofin dangi ɗaya ne. In suka yi yawa a jiki, sai su danne sashen ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jan numfashi. Numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ga alamun da ma'aikatan asibiti ke dubawa: mutum ba ya amsawa ko an girgiza shi, numfashinsa sai jefi-jefi ko da minshari mai nauyi, ɗigon baƙin tsakiyar idonsa kuma ya tsuke kamar kan allura.

Wannan dafin yana da makari, sunansa nalokson. Tun 1971 aka yarda da shi a Amurka. Aikinsa shi ne ya ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa, ya zauna a gurbinta. In aka ba da shi ta jijiya, cikin minti biyu wanda ake zaton ya tafi sai ya ja dogon numfashi. Akwai kuma na fesawa a hanci, wanda a 2023 Amurka ta yarda a sayar ba tare da takardar likita ba.

Sai dai ga inda iyaye ke yin kuskure. Ƙarfin nalokson yakan ƙare tsakanin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuwa tana iya daɗewa fiye da haka. Yaro ya farka, wataƙila da amai da zufa da masifa, dangi su ce ya warke, a sallame su. A kan hanyar gida sai barcin ya dawo. Don haka in likita ya ce a kwana, mu kwana. Taramol ma yana da nasa sharrin, gama yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, nalokson kuwa ba ya hana wannan.

Magungunan sa barci, irin su Valium da wanda samari ke kira rochi, nasu makarin dabam ne, wato fulumazenil. Likitoci suna ɗari-ɗari da shi. Wanda ya daɗe yana shan waɗannan ƙwayoyi, ko ya haɗa su da wasu, in aka ba shi sai jijjiga ta kama shi. Sau da yawa gara a taimaki numfashinsa kawai har maganin ya sake shi. Giya kuwa ba ta da irin wannan makari sam.

Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma ƙwayoyi ba su bar unguwanninmu ba. In abin ya faru a gidanmu, kada mu ɗura masa madara ko manja, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yakan shaƙe, abin ya wuce huhu. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota maza. Kwalba ko fakitin da aka tarar kusa da shi, a tafi da shi asibiti, a faɗa wa likita gaskiya ko da kunya, don da wannan zai san makarin da zai ɗauko.