Tiyatar Ƙananan Kafofi da Shanyewar Ɓarin Jiki: Tsintar Gaskiya Cikin Jita-jita

Wata gwaggota, wadda tsakuwar matsarmama ta hana ta sakat wajen shekara biyu, da likita ya shaida mata cewa za a fid da matsarmamar ta 'yan ƙananan kafofi ba tare da an tsaga ciki ba, sai ta komo gida ta ce ita kam a bar ta da ciwonta, domin wata maƙwabciya ta ba ta labari wai iska ake hura wa mutum, iskar ta hau ka, ya farka da ɓarin jiki a shanye. Na bi diddigin maganar na tarar ba ta da isnadi, kowa daga bakin wani ya ji. Amma da na duba abin da masana ilmin likita suka rubuta, sai na ga akwai ƙwayar gaskiya a cikin ƙaiƙayin, kuma irin wannan magana mai gauraye ita ta fi wuyar warwarewa.

Aikin da ake nufi shi ne wanda likitoci ke kira lafaroskofi, wasu mutane kuwa suna ce masa aikin leza, alhali galibinsa babu ruwansa da leza. Masu cewa sabon abu ne da ake gwadawa a kanmu sun yi kuskure, gama tun 1910 wani likitan Siwidin, Jacobaeus, ya leƙa cikin ɗan Adam da madubi, a 1980 Kurt Semm ya cire afendis ta wannan hanya a Jamus, a 1985 kuma Erich Mühe ya cire matsarmama. Kaifiyyarsa ita ce a huda kafa uku ko huɗu, faɗin kowace bai cika wuce santimita ɗaya ba, a zura kyamara ta wajen cibiya, likita na duban allo yana sarrafa dogayen kayan aiki.

Batun iska haƙiƙa ne. Ana hura iskar kabon, wato irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, don fatar ciki ta ɗaga ta ba likita sarari, kuma an zaɓe ta ne saboda tana narkewa cikin jini da sauri, huhu ya fitar da ita. In an gama sai a sace ta, ragowar kuma jiki ya shanye cikin 'yan kwanaki. Wannan ragowa ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma da yake jijiyarsa da ta kafaɗa tushensu ɗaya a wuya, sai majiyyaci ya ji kafaɗa na ciwo, 'yan jinya su firgita su ce ga shanyewar nan ta fara. Zatona daga nan rabin jita-jitar ta samo asali. Akwai dai nadiran, in allura ta faɗa cikin jijiya, iskar ta shiga jini da yawa ta tare hanyarsa. Wannan haɗari sananne ne, shi ya sa likitan barci ke auna iskar da majiyyaci ke fitarwa tun daga farkon aiki har ƙarshensa.

Amma mas'alar shanyewar ɓarin jiki, wadda ita ce jigon tsoron, tana bukatar a tsaya a kanta da natsuwa, domin a nan ne mutane ke ɗora laifi inda ba muhallinsa ba. Kowace babbar tiyata, ta tsaga ce ko ta kafa, tana motsa jini ya ƙara saurin daskarewa, tana kuma iya rikita bugun zuciya ko ta saukar da ƙarfin jini, kuma waɗannan su ne sabubban da kan kai gudan jini ga toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, wanda ya duba majiyyata fiye da 523,000 da aka yi wa tiyatar da ba ta zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, ya sami shanyewar a kusan mutum ɗaya cikin dubu, kuma waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ciwon ƙoda, da mashaya taba, da waɗanda abin ya taɓa samu a baya. A Denmak kuma, a 2014, an nazarci tiyata 481,183, aka ga wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki haɗarinsa ya fi tsanani in an yi masa aiki cikin wata uku na farko, ba ya kuma daidaitawa sai wajen wata tara. Ashe ke nan illar tana tafe ne da halin jikin da aka kwantar a kan gado, girman kafar da aka huda ba shi ne mizani ba. Abin da ya fi damuna shi ne yawan masu hawan jini a garuruwanmu da ba su san suna da shi ba, da waɗanda ke ɓoye wa likita cewa suna shan maganin tsinka jini, ko su daina shansa da ra'ayin kansu.

Sai kuma jita-jita ta biyu, kishiyar ta farko, wadda masu zumuɗi ke yaɗawa cewa aikin ba shi da haɗari ko kaɗan tun da ba a ga dogon ɗinki ba. Gaskiya ne raɗaɗi ya fi sauƙi, ciwo bai cika ruɓa ba, kuma ana saurin komawa gida. Sai dai aikin da aka yi a ciki girmansa ɗaya da na tsaga. Sa'ad da cire matsarmama ta wannan hanya ya bazu bayan 1990, yanke bututun da ke kai ruwan ɗaci hanji bisa kuskure ya ƙaru a kan yadda yake a da, musamman a hannun waɗanda ba su goge ba. Mafi girman izina kuwa ya zo a 2018, lokacin da wani gwaji a kan mata 631 masu ciwon dajin bakin mahaifa ya nuna cewa, bayan shekara huɗu da rabi, kashi 86 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin ta ƙananan kafofi ne ciwon bai komo musu ba, alhali a ɓangaren tsaga an sami kashi 96.5, daga nan likitoci da yawa suka koma ga tsaga a wannan ciwo, ko da yake a dajin babban hanji wani gwaji na 2004 ya nuna hanyoyin biyu sun yi kunnen doki. Kuma in likita ya fara da kafa, sa'an nan ya ga maslaha ya buɗe ciki, kada dangi su ɗauka aiki ya ɓaci, wannan taka-tsantsan ne da aka tanada tun kafin a shiga.

A nahiyarmu ma an yi wata ƙidayar tiyata da aka buga a 2018, a asibitoci 247 na ƙasashe 25, aka bi majiyyata 11,422, aka tarar 239 sun rasu, kuma 225 daga cikinsu bayan ranar tiyata ne suka cika, wato a lokacin jinya, sa'ad da ido ya ɗauke daga kansu. Saboda haka 'yan jinya su lura da karkacewar baki, da mutuwar hannu, da sarƙewar harshe, da zazzaɓi, da ciwon ciki mai ƙaruwa, su kira ma'aikata nan take ko da tsakar dare ne.

Gwaggo dai, da na karanta mata waɗannan, ta yi shiru, can ta ce, "To ɗan nan, kai ni a fara auna jinin." Aka tarar ya hau ƙwarai, aka yi mako shida ana saukar da shi, sa'an nan aka yi aikin, ta kwana biyu tana kukan kafaɗar dama, a na uku aka sallame ta.