Kwamfuta ashirin, a shirya ɗaya a kwafa wa saura

Jama'a, ƴan uwanmu da ke Faransa ko Beljiyam sukan haɗa kuɗi su aiko wa lakwal ɗin garinsu kwamfutoci na hannu, goma ko ashirin. To, in sun iso akwai sauran aiki. Kowace sai an zuba mata tsarin da ke tafiyar da ita, Windows ko Linux, da manhajojin rubutu da lissafi. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya kwanaki za a kwashe, ga kuran yana zuwa yana tafiya, ga kuɗin intanet.

Masu gyara suna da dabara. Sai su shirya guda ɗaya tsaf, mu kira ta uwa, su kwashe duk abin da ke cikin faifanta su dunƙule shi wuri guda. Shi ake ce wa imaj. Da shi ake cika sauran, ta kile USB ko ta wayar da ta haɗa su. Akwai manhajar kyauta mai wannan aiki, Clonezilla, wadda aka ƙirƙiro a Taiwan.

Abin kamar buga bulo ne: in abin bugun ya karkace, duk bulon da ya fito karkatacce ne. Uwa mai ƙwayar cuta za ta raba wa ashirin ɗin nan cutar. In mai gyara ya manta hotunansa ko lambar sirrinsa a ciki, su ma sun bazu ke nan. Don haka a sabunta ta, a tsabtace ta, a saka allon rubutun Hausa saboda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A kuma duba madannan, na Faransa AZERTY ne, waɗanda ake sayowa Kano galibi QWERTY.

In Windows ce, kafin a ɗauki imaj sai an bi da ita ta Sysprep. Shi ke goge suna da shaidar da suka keɓanta da uwar, don kada duka su tashi da suna ɗaya su riƙa karo da juna. Lasisi kuwa ba ya kwafuwa, kowace da nata.

Masu aikowa, ku ji wannan: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Ga irinsu, a ganinmu Linux ya fi, tunda kyauta ne. Ku yi ƙoƙari su zamo iri ɗaya, don faifan da ya fi na uwar ƙanƙanta yakan ƙi karɓar imaj.

Zuba imaj yana share duk abin da ke cikin kwamfuta. In akwai sakamakon ɗalibai ko takardun darakta, a fara kwashe su. Sannan a gwada a kan guda ɗaya, a ga sauti da intanet suna aiki, kafin a taɓa sauran.