2.3 Wake da Amfaninsa ga Jiki a Ƙasar Yawuri

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan matsayin wake a cikin abincin mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga. Wake dangin adas ne, wato ƙwayar nan da ake yawan nomawa a Indiya da Kanada, sai dai wake shi ne wanda manoman wannan yanki suka sani, suna shuka shi a tsakanin gero da dawa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kifi ya ƙara zama abin kasuwa a bakin tafkin. Ke nan ba kowane magidanci ne yake iya sa shi a tukunya kullum ba. A nan ne wake yake cike gurbi, domin kusan kashi 24 cikin 100 na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka. Haka kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Abin lura shi ne, furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake yake da shi da yawa. Shi kuma hatsi yana cike abin da wake ya gaza a kansa. Saboda haka shinkafa da wake, ko ƙosai da koko, ko ɗanwake na garin wake da dawa, sun fi tuwo tsura amfani, musamman ga yaron da aka yaye, wanda tamowa ta fi saurin kamawa.

Sai dai yadda ake dafuwar yana da tasiri. Mata kan jefa kanwa domin wake ya nuna da wuri, a rage ƙona itace, amma yawan kanwa yana lalata bitamin B1. Jiƙa wake tun da dare yana rage lokacin dafuwa, kuma zubar da ruwan jiƙon yana rage kumburin ciki. Bugu da ƙari, ɗan busasshen kifi da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin waken.

Sashe na gaba zai duba hanyoyin adana wake daga ƙwari.