Daga Fiffiken Ungulu Zuwa Duniyar Mars: Yadda Yankin Dayton Ke Karrama Magabata da Matasan Kimiyya

Gabatarwa

A farkon shekarar 1903 babu wani mahaluki a doron ƙasa da ya san yadda za a ɗaga inji sama da mutum a cikinsa, a kuma sarrafa shi yadda ake so. Waɗanda suka warware wannan matsala wasu 'yan'uwa biyu ne masu sana'ar keke a garin Dayton na jihar Ohio ta Amurka, wato Wilbur da Orville Wright, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taka ƙofar jami'a. A yau gidajen adana kayan tarihi na wannan yanki sun ɗauki nauyin abu biyu: tunawa da magabatan da suka share fage, da kuma zaburar da yara masu tasowa. Wannan maƙala za ta duba abin da waɗannan magabata suka gano, da dalilin da ya sa karrama su ya zama al'amari mai nauyi, sannan da irin rabon da matasa ke samu a ciki.

Abin da tsuntsu ya koya wa ɗan'adam

Masu ƙoƙarin tashi sama na dauri sun ɗauka cewa sirrin tsuntsu yana cikin kaɗa fiffike ne kawai, don haka da yawansu suka ɗaura wa kansu fukafukai suka faɗo. Ilmin halittu ya bayyana dalilin faɗuwarsu. A tsuntsaye da dama, tsokar ƙirji da ke kaɗa fiffike takan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin jiki, kuma tana manne da wani ƙashi mai tudu a tsakiyar ƙirji. Ƙasusuwansu da yawa suna da rami a ciki, ga jakunkunan iska da ke taimaka wa huhu. Jikin mutum ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka ƙarfin damtsensa ba zai taɓa ɗaga shi ba.

Wani injiniya Bajamushe, Otto Lilienthal, ya bi wata hanya dabam. Ya yi shekaru yana nazarin wani jinsin shamuwa da ke Turai, har ya wallafa littafi a kan tashin tsuntsaye a 1889. Ya nuna cewa fiffike mai ɗan lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ɗaukar nauyi. Idan irin wannan fiffike ya ratsa iska da gabansa a ɗan ɗage, yakan karkatar da iskar zuwa ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, sai a samu ƙarfin da ke tura shi sama. Duk ɗalibin da ya taɓa miƙa tafin hannu ta tagar mota tana gudu, ya ɗan ɗaga yatsunsa, ya ji wannan ƙarfi a jikinsa. Lilienthal ya yi tashi kimanin 2,000 da jirage marasa inji, amma da karkata jikinsa yake daidaita su. A watan Agusta na 1896 jirginsa ya ƙwace masa, ya faɗo, ya rasu.

Labarin rasuwarsa ya sa Wilbur ya fahimci cewa babbar matsalar ita ce sarrafawa. Sai ya shiga kallon ungulayen da ke shawagi a kwarin kogin da ya ratsa Dayton. Ungulun Amurka ba dangin kusa ba ne ga ungulun Afirka, amma irin rayuwa ɗaya ta sa sun yi kama a siffa da salon shawagi. Wilbur ya lura cewa idan iska ta karkatar da ungulu gefe guda, takan murɗa bakin fiffikenta ɗaya sama, ɗayan kuma ƙasa. Ɓangaren da ya ɗaga gabansa sai ya samu ƙarin ƙarfin tashi, tsuntsuwar ta daidaita. Wata rana a shago, yana riƙe da dogon kwalin tubun keke, ya murɗa shi, sai ya ga yadda za a yi wa fukafukan katako da ƙyalle irin wannan murɗa. Sun jarraba dabarar a 1899 da wani ƙaramin samfuri da ake riƙewa da igiya, ta kuwa yi aiki.

Awo kafin tashi

A 1900 da 1901 'yan'uwan sun kai jiragensu marasa inji Kitty Hawk da ke gaɓar teku a jihar Carolina ta Arewa, saboda iska mai ƙarfi da rairayi mai laushi. Jiragen ba su ɗaga nauyin da lissafi ya nuna ba. A nan ne suka yi abin da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe: maimakon su ci gaba da dogaro da alƙaluman da suka gada daga manya, sai suka koma suka auna da kansu. A ƙarshen 1901 suka ƙera akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, suka sa fanka tana hura iska a ciki, suka jarraba ƙananan fukafukai iri-iri kimanin 200. Sun gano cewa wani adadi da aka daɗe ana amfani da shi wajen lissafin matsin iska ya yi yawa ƙwarai, kuma dogon fiffike siriri ya fi gajere mai faɗi inganci. Wannan shi ne abin da ake gani a jikin manyan tsuntsayen teku masu doguwar tafiya.

Jirginsu na 1902 ya tashi yadda aka lissafa, amma wata matsala ta ɓullo. Fiffiken da aka ƙara wa ƙarfin tashi yakan ƙara fuskantar turjiyar iska, sai hancin jirgin ya juya inda ba a nufa ba. Suka magance wannan da jela mai motsi a baya. Da haka matuƙi ya samu ikon ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da karkata gefe, da juyawa dama ko hagu. A kan waɗannan ginshiƙai uku ake tuƙa jiragen sama har yau.

Ranar 17 ga Disamba, 1903, Orville ya tashi da jirgi mai inji na tsawon daƙiƙa 12, ya ci nisan ƙafa 120, wato kimanin mita 37. A tashi na huɗu a wannan rana, Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci ƙafa 852. Bayan haka suka koma wani filin kiwo kusa da Dayton suka ci gaba da gyare-gyare, har ranar 5 ga Oktoba, 1905, Wilbur ya yi minti 39 a sama, ya ci kimanin kilomita 39. Wannan jirgi na 1905 yana ajiye a gidan tarihi na Carillon da ke Dayton tun 1950, kuma Orville da kansa ya sa ido a kan aikin sake haɗa shi kafin rasuwarsa.

Rigimar allon bayani

Mai karatu na iya tambaya, mene ne amfanin ajiye tsohon jirgi da rataya hotunan mamata? Abin da ya faru tsakanin Orville da cibiyar Smithsonian ta birnin Washington ya isa amsa. Shugaban cibiyar, Samuel Langley, ya karɓi dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi ta Amurka don ƙera jirgi, amma sau biyu jirgin yana faɗawa kogin Potomac, na ƙarshe ranar 8 ga Disamba, 1903, kwana tara kafin nasarar masu keke, waɗanda abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba. A 1914, bayan rasuwar Langley da Wilbur, aka yi wa jirgin Langley sauye-sauye masu yawa, aka samu ya ɗan tashi. Sai cibiyar ta baje shi da bayanin cewa shi ne jirgi na farko da ke da ikon tashi da mutum.

Orville ya nemi a gyara wannan bayani, aka ƙi. A 1928 ya aika da jirgin 1903 zuwa gidan tarihin kimiyya na Landan, inda ya zauna shekara 20. Sai a 1942 cibiyar ta wallafa jerin sauye-sauyen da aka yi wa jirgin Langley, ta janye da'awarta. An mayar da jirgin Amurka, aka baje shi ranar 17 ga Disamba, 1948, watanni 11 bayan rasuwar Orville. Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma wannan fure ya yi shekara 28 kafin ya kaɗe. Abin da aka rubuta a allon gidan tarihi shi yara ke haddacewa, shi kuma malamai ke koyarwa, don haka kuskure a wurin yakan zama gadon al'umma.

Waɗanda aka kusa mantawa

A 1962 aka kafa Zauren Gwarazan Sufurin Sama na Ƙasa a Dayton, majalisar dokokin Amurka ta ba shi izini a 1964. Mazauninsa yana cikin gidan tarihin rundunar sojan sama ta Amurka da ke kusa da garin, wanda ke ɗauke da jirage da makamantansu fiye da 350. Wilbur da Orville ne aka fara shigarwa. A 1965 aka shigar da Charles Taylor, makanikin da suka ɗauka aiki a shagonsu a 1901. Da kamfanonin mota suka kasa samar da inji marar nauyi, shi ne ya ƙera musu mai silinda huɗu da ƙarfin doki 12 cikin mako shida, da kayan aikin shagon keke. Taylor ya tsufa cikin ƙunci a California, ya rasu a 1956 ba tare da duniya ta san shi sosai ba. A yau hukumar sufurin sama ta Amurka tana ba makanikan jirgi da suka yi shekara 50 a bakin aiki lambar yabo mai sunansa. Haka kuma a 2006 zauren ya shigar da Bessie Coleman, baƙar fata Ba'amurkiya ta farko da ta samu lasisin tuƙa jirgi, wadda sai da ta tafi Faransa ta samo shi a 1921 domin makarantun ƙasarta sun ƙi karɓarta.

Rabon matasa

Sha'awar 'yan'uwan nan biyu ta faro ne a 1878, lokacin da mahaifinsu ya kawo musu wani ɗan abin wasa na gora da takarda, mai farfela da ake wana wa da roba. Wilbur yana da shekara 11, Orville 7. Da ya lalace, suka ƙera nasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tarihin yankin ya sake tabbatar da haka. Neil Armstrong, ɗan garin Wapakoneta da ke arewa da Dayton, ya samu lasisin koyon tuƙin jirgi yana da shekara 16, tun kafin ya samu na mota. Ƙaramin jirgin da ya koyi tuƙi da shi yana gidan tarihi mai sunansa da aka buɗe a garinsu a 1972. Da ya sauka a kan wata a 1969, yana ɗauke da guntun ƙyalle da guntun katakon farfelar jirgin 1903.

Saboda sanin muhimmancin wanda ke dasa wannan sha'awa, zauren na Dayton yana ba fitaccen malamin makaranta lambar yabo mai sunan Scott Crossfield, matuƙin da ya fara ninka gudun sauti sau biyu a 1953. Haka nan, don bikin cikar tashin farko shekara 100, aka ƙirƙiro gasar harba ƙananan rokoki ta ɗaliban sakandare, aka yi zagayen ƙarshe na farko a 2003. Sharaɗinta shi ne ɗalibai su ƙera roka da za ta ɗauki ɗanyen ƙwai zuwa tsayin da aka ƙayyade, ta sauko da shi cikin lokacin da aka ƙayyade, bai fashe ba. Ƙungiyoyi 100 da suka yi fice ne ke haɗuwa a jihar Virginia. Gasar tana tilasta wa yaro ya auna, ya rubuta, ya gyara, ya sake gwadawa, kamar dai yadda aka yi da akwatin iska na 1901.

A 2020 wata ɗalibar sakandare a jihar Alabama, Vaneeza Rupani, ta samu karramawar raɗa suna ga ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da hukumar NASA ta aika duniyar Mars, bayan an zaɓi rubutunta daga cikin kimanin 28,000. Jirgin, mai suna Ingenuity, nauyinsa kilo 1.8 ne. Ya tashi ranar 19 ga Afrilu, 2021, na daƙiƙa 39, a cikin iskar da kaurinta bai wuce kimanin kashi 1 cikin ɗari na iskar wannan duniya ba. Ya yi tashi 72 kafin aikinsa ya ƙare a Janairun 2024. A jikinsa an ɗaura guntun ƙyallen jirgin 1903, wanda gidan tarihi na Carillon ya bayar.

Kammalawa

Shekara 22 kacal bayan tashin Kitty Hawk, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa kwalejin horar da ma'aikatan sufurin sama a Zariya. Ke nan wannan yanki ma yana da magabatansa: matuƙa, da makanikai, da masu kula da zirga-zirgar jirage. Hotunansu da takardunsu da labaransu suna hannun iyalai, kuma kowace shekara wani abu yana salwanta daga ciki. Ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare za su iya fara tattara su, kamar yadda za su iya ƙera akwatin iska da kwali da fanka, su gwada siffar fiffiken shaho da na tattabara. Abin da malami zai dage a kai shi ne ɗalibi ya rubuta kowane awo da kwanan watansa, domin littattafan awo da hotunan da 'yan'uwan Wright suka adana su ne hujjar da Orville ya tsaya a kanta har aka ba su haƙƙinsu.