Daga lemon kwalba zuwa zoɓo: ina arahar take a Gubi?

Abu biyu aka san Gubi da su. Akwai madatsar ruwan da birnin Bauchi yake sha daga gare ta, akwai kuma mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ɗalibai suke zaune nesa da kasuwannin Wunti da Muda Lawal, kowa yana lallaɓa ɗan abin da aka aiko masa daga gida. A wuri irin wannan ake saurin gane inda tsadar rayuwa ta fi cizo, domin ɗalibi da ɗan acaɓa da lebura ba su da rarar da za su ɓoye canjin da ya same su. Abin da ake jiƙa maƙoshi da shi bayan an ci abinci yana cikin abubuwan da suka canja. Lemon kwalba, wanda a da ake ɗauka ba tare da dogon tunani ba, ya koma abin ranar biki ko na fita kunyar baƙo, zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lamurje suka karɓe gurbinsa a cikin kula. A ganina wannan komawa alheri ce, amma arahar da ake murna da ita tana da farashin da ba a rubuta a jikin gora ba, kuma talaka ne yake biyansa.

Kafin a kai ga tsadar, sai da aka yi zamanin araha. Kamfanin Nigerian Bottling Company mai Coca-Cola, wanda aka kafa a 1951, da Seven-Up da ya fara aiki a 1960, sun daɗe suna cin kasuwarsu babu mai ja da su. Sai Big Cola na kamfanin AJE na ƙasar Peru ya shigo a 2015, Bigi na Rite Foods ya biyo baya a 2016, aka shiga gasar cika gora a kan naira 100. Wannan gasa ce ta kai lemon roba har rumfar mai shayi ta ƙauye, ta saba wa yara da shi. Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa a jere. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Gorar da aka sani a naira 100 ta ninka sau uku, wani wurin sau huɗu.

Harajin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin waɗannan dalilai, ko da yake shi aka fi yi wa surutu: naira 5 ce kacal a kan gorar rabin lita. Abin da ya karya lemon kwalba shi ne kusan komai nasa yana da ƙafa ɗaya a kasuwar dala. Mafi yawan sukarin da Dangote da BUA da Golden Sugar suke tacewa ɗanyensa daga Burazil ake shigo da shi. Ruwan sinadarin lemon da kayan yin robar su ma da kuɗin waje ake lissafinsu, sannan tirela ta sha gas ta hauro da shi har Bauchi, ƙaramar mota ta sha fetur ta ƙarasa da shi Gubi. Zoɓo kuwa ɗan gida ne. Ana noma shi a Jigawa da Kano da Katsina da Bauchin kanta, tsamiya tana nan a dawa, citta daga kudancin Kaduna take zuwa, gero da dawa na kunun zaƙi a rumbu suke. Matar da ta jiƙa zoɓo a tsakar gidanta ba ta biyan kuɗin talla a talabijin, ba ta biyan direba. Saboda haka duk nairar da ɗalibi ya ba ta, kaso mai tsoka yana tsayawa a unguwa, ya zama kuɗin cefane ko na makarantar yaro, kuma wannan shi ne babban amfanin da nake gani a wannan sauyi.

Sai dai a tambaya: me ya sa nata ya yi araha haka? Ban da kayan haɗi na gida, akwai abu uku da ba ta sa su a lissafi yadda kamfani yake sawa, wato wahalarta, da gorar, da ruwan. Wahalarta kyauta take bayarwa, sau da yawa har da ta 'yarta mai ɗaukar talla. Gorar kuwa tsohuwa ce, wadda wani ya sha ruwa ko lemo ya yar, yara ko 'yan bola jari suka tsinto daga wurin biki, tasha, ko bakin kwata, aka sayar mata da rahusa. Idan an wanke ta da sabulu da ruwan zafi, to madalla. Idan ɗauraya ɗaya aka yi wa gora hamsin a baho guda, cutar da ke jikin ɗaya ta zagaye sauran. Ruwan shi ne ya fi komai. Zoɓo ana tafasa shi, amma da ruwan sanyi ake sirka shi, kuma ƙanƙarar da ake jefawa ciki ba a san rijiyar da ta fito ba. Kunun aya ma ba ya ganin wuta sam: a jiƙa, a kai inji, a tace, a ɗura. Ga shi ba ya jure zafi, 'yan sa'o'i kaɗan ba sanyi sai ya fara tsami. Wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, mai kula da Bauchi, ba abin dogaro ba ce, kuma a Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, an riga an gani. A 2021 Bauchi tana cikin jihohin da cutar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a duk Nijeriya. A watan Maris na shekarar, a Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da garin lemo da gurɓataccen ɗan tsami. A Yuni 2024 jami'an lafiya na Legas sun danganta ɓarkewar kwalara a yankin Eti-Osa da wani kunun aya marar rajista. Labarin Kano ya fi kusa da abin da nake nufi, domin tsada ce take tura mai sana'a ta rage tsamiya da citta, ta cike da kala da ɗan tsami da sinadarin zaƙi na awo, waɗanda ba su da suna balle ranar lalacewa. Ɗalibin da ya yi tsimin naira 200 a kan gora, ya kashe dubbai a kan ƙarin ruwa da magani, ya kuma rasa jarrabawa, bai ci ribar komai ba.

Wani zai ce, to ai wannan hujja ce ta komawa ga lemon kamfani, tunda shi aƙalla yana da lambar NAFDAC da murfin da ba a taɓa buɗewa ba. Ta fuskar tsabta maganarsa tana da ƙarfi. Amma lemon kola na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, wato gorar rabin lita ta kai wajen giram 50, kuma wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya wuce a yini guda. Cutarsa ba ta kayar da mutum yau, tana jira ne ta zo da ciwon sukari da ruɓewar haƙori. Zoɓon kasuwa ma akan cika masa sukari har ya yi kauri, wannan gaskiya ne, bambancin shi ne ana iya ce wa mai zoɓo ta rage, ko mutum ya dafa nasa a ɗaki da gwangwani ɗaya na busasshen zoɓo ya sha kwana biyu. Wani kuma zai ce a hana sayar da abin sha a tsohuwar gora gaba ɗaya. Hanin ba zai kama ba, sai dai ya raba zawarawa da matan aure da sana'ar da ke riƙe da gidajensu, ya buɗe wa masu karɓar na goro wata sabuwar ƙofa.

Akwai kuma abin da zai iya cin arahar daga wani gefen. Zoɓo da aya sun zama kayan fitarwa waje. Mutanen Meksiko suna shan zoɓo kamar yadda muke sha, kuma daga Nijeriya suke sayen mai yawa; kasuwar Maigatari a Jigawa ta shahara da shi. Aya, wadda yankin Maraɗi ya yi fice a nomanta, tana kaiwa har Sifaniya, inda mutanen Balensiya suke yin irin kununmu da ita. Faɗuwar naira da ta tsadar da lemon kwalba ita ce kuma take sa dillalin waje ya iya taya buhu sama da mai kunun unguwa. Manomi ya ji daɗi, kuma ya cancanta, amma mai haɗawa za ta ƙara matsuwa, sha'awar sirki da algus ta ƙaru.

Gyaran da ake buƙata a Gubi bai fi ƙarfin wurin ba. Masu sayarwa a cikin jami'a da bakin ƙofarta sanannu ne, ana iya rubuta sunayensu, a koya musu tafasa ruwan sirki da wanke gora, a haɗa su su riƙa sayen sabuwar roba a sari don ta sauko musu. Jami'ar fasaha ce, tana da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin bincike. Awon gora goma daga kowace kula sau ɗaya a wata ba zai gagare su ba, haka ma firji mai aiki da hasken rana da mata biyar za su yi tarayya a kai. Kuma tunda madatsar da ke shayar da birnin tana nan kusa, famfo mai tataccen ruwa a inda ake haɗa zoɓon shi ne abu na farko da ya kamata hukumar ruwa ta jiha da jami'ar su zauna a kansa.