Murjanin lemar kwaɗi: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Wanda ya tashi yana ganin murjani a wuyan kakarsa zai yi wuya ya yarda cewa ƙashin dabba ne. Amma haka abin yake: jan murjani na ado, wanda ya fi suna daga Bahar Rum ake tsamo shi, ragowar wata halittar teku ce. A Amurka da Jamus da Japan kuwa akwai masu kiwon dangin wannan halitta da ransu, a cikin tankin gilashi a tsakar falo, da ruwan gishiri da fitila da famfo. Duk sabon shiga, abin da ake fara miƙa masa shi ne murjanin lemar kwaɗi, wani ɗan faifai mai laushi da ke manne a dutse, ja ko shuɗi ko kore, da ɗan baki a tsakiya. Da yake shi ne na 'yan koyo, maganganu sun yi masa yawa.

Ta farko ita ce wai tsiro ne. Ƙarya ce, kamannin lemar kwaɗi kawai ya ɗauko. Dabba ce mai baki da ciki da ƙwayoyin harbi a jiki. Hatta masu sayar da shi sukan yi kuskure, su jera shi cikin murjani masu laushi. Masana sun ware masa rukuninsa, Corallimorpharia, kuma ya fi kusa da murjani masu gina duwatsun teku, sai dai shi ba ya yin ƙashi. Waɗanda aka fi gani a kasuwa su ne Discosoma mai santsi, da Rhodactis mai gashi-gashi, da Ricordea mai ƙuraje kamar an zuba duwatsun ado. Akwai kuma wani daban, Fungia, da ake kira da suna ɗaya, alhali shi yana da ƙashi mai tauri kuma a kan yashi yake kwanciya. Mai saye ya tambayi sunan kimiyya, don kulawarsu ba ɗaya ba ce.

Sai maganar da ta fi kashe murjanin lemar kwaɗi: wai ba sa mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun da ba sa gina ƙashi, ba sa zuƙe sinadarin kalsiyam yadda murjani masu tauri ke yi, kuma suna jure ruwan da ya ɗan yi datti. Hasali ma ruwan da aka tace har ya rasa naitiret da fosfet kwata-kwata yakan sa su tsuke su rame. Amma juriya tana da iyaka. Gishirin ruwan ya kamata ya tsaya kusa da na teku, wajen giram 35 a kowace lita, kuma gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku, na miya ba ya yi. Zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27. Sabon tanki yana buƙatar makonni kafin ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya su zauna, kuma wanda ya yi gaggawar jefa murjani kafin nan, sai ya wayi gari ya tarar da majina a kan dutse. Maganin kifi mai sinadarin tagulla kuwa guba ne gare su kai tsaye. Wanda ke zaune inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ya fara lissafin abin sanyaya ruwa tun kafin ya sayi gilashin.

Batun haske, ɓangare biyu ne ke jayayya kuma duka sun kauce. Masu cewa ba ya buƙatar fitila sun manta cewa a cikin tsokarsa akwai wani gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske ya ba shi abinci. Masu cewa a ƙara haske don kala ta fito su ma sun ɓata, don haske mai tsanani yakan sa ya kori gansakukan ya koɗe. Wurinsa ƙasan tanki ne ko gefen dutse, inda ruwa ke kaɗawa a hankali. In wuri bai yi masa ba, yakan saki dutsen ya bi ruwa, kuma sau da yawa bakin famfo ne ƙarshen tafiyar.

Ƙaryar da ta fi tsada a ganina ita ce wai salihi ne, ba ruwansa da kowa. Ganin ba shi da dogayen hannaye ne ke yaudarar mutane. Yakan ja jiki sannu a kan dutse, ya bar ɗan guntun ƙafarsa a baya, guntun ya zama sabon faifai. Yakan kuma rabe gida biyu. Ɗaya ya zama biyar, biyar su zama tabarma, duk murjanin da ke kusa su rufe masa haske ko su harbe shi har ya mutu.

Wannan hali ba a tanki kaɗai aka gan shi ba. A tsibirin Palmira, a tsakiyar tekun Fasifik, wajen kilomita 1,600 kudu da Hawai, wani jirgin kamun kifi ya maƙale a kan murjani a 1991. Bayan shekaru masu bincike suka tarar wani nau'in Rhodactis ya shimfiɗe kewaye da jirgin, ya danne murjanin asali, kuma yawansa yana raguwa gwargwadon nisa daga tarkacen. Sun buga rahotonsu a 2008, suna zargin ƙarfen da ke narkewa daga jirgin ne ke ciyar da shi. Sai da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta sa aka yanyanka jirgin aka kwashe, daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014. Abin da ya gagari teku ya hana, tankin lita ɗari ba zai hana ba.

Cire shi ma aiki ne. Wanda ya kankare shi da wuƙa ya bar ɗan nama ko kamar ƙwayar gero, zai sake ganinsa. Wannan ne ya gaskata wata magana da mutane ke ɗauka almara: lallai ana yanka faifan da reza gida biyu ko huɗu, ta tsakiyar baki, a zuba guntayen a kan tsakuwa cikin ɗan kwando, su warke su manne, kowanne ya zama cikakke. Haka masu kiwo ke yaɗa shi.

Yana cin kifi? Yawancinsu a'a. Amma akwai wani ƙato, Amplexidiscus, da ake wa laƙabi da kunnen giwa, faɗinsa yakan wuce santimita 30. In ƙaramin kifi ya kwanta a kansa, sai ya tattaro gefensa ya tsuke kamar an ja zariya.

Saura batun guba, kuma a nan an ɗora wa wani laifin wani. Gubar da ake tsoro, palitoksin, wadda aka fara warewa a 1971 daga wata halitta ta gaɓar tsibirin Mawi a Hawai, an san ta ne a jikin wata halittar teku daban mai suna Palythoa da danginsa. Matsalar ita ce Palythoa yakan biyo dutse ɗaya da lemar kwaɗin, mai tanki bai lura ba. An kwantar da mutane a asibiti, wani lokaci gida guda, bayan sun zuba wa dutsen tanki tafasasshen ruwa ko sun goge shi a fili suka shaƙi tururin. Shi kansa lemar kwaɗin majinarsa takan sa ƙaiƙayi, musamman in ta taɓa rauni ko ido.

Masu cewa rini ake yi musu kuma, kalar da ke walƙiya ƙarƙashin shuɗiyar fitila daga furotin ɗin jikinsu take. Sai dai mai sayarwa ya san fitilar da za ta fi fito da ita a hoto, don haka a nemi ganin abin a farin haske. Haka zancen cewa duk masu araha ne, shi ma ba gaskiya ba ne: akwai Rhodactis masu kumburi kamar balan-balan da aka sayar kan dubban daloli guda ɗaya.

Mai niyyar farawa da shi bai yi zaɓen banza ba. Amma ya ba shi dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, nesa da sauran duwatsu, ya sa safar hannu da tabarau in zai taɓa, kuma kada ya kuskura ya dafa dutsen tanki ko da sau ɗaya.