Solar Gida da Garanti: Yadda Kulawa Take Kare Kuɗinku



A wata ziyara da muka kai wani ƙauye kusa da Kaugama, wani dattijo ya ja ni gefe bayan taro ya ce, "Ɗana, zo ka duba mini wannan abu." Batirin solarsa ne. Ya sayar da riɗin da ya noma ya sayi faranti biyu da batir da inbata, domin yara su sami hasken karatu, iyali kuma su sami fanka lokacin bazara. Bayan wata 9 batirin ya daina riƙe wuta, alhali takardarsa ta ce garantin wata 18 ne. Ya biya kuɗin mota ya kai shi shagon da ya saya a Kano. Mai shago ya buɗe murafun batirin, ya ga ruwan ya ƙafe har ƙarafan ciki sun fito fili. Ya tambaye shi wane ruwa yake ƙarawa. Baba ya ce sau ɗaya ya taɓa ƙarawa, na rijiya kuwa. Nan take aka ce masa babu sauran garanti. Ya sake biyan kuɗin mota ya komo da mataccen batir.

Da na tambaye shi ko an yi masa bayani ranar da ya saya, sai ya ce, "Ba wanda ya gaya mini kome. Takarda aka ba ni da Turanci, na sa a akwati."

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gidaje da yawa sun ajiye janareta sun koma sola, ƙauyukan da wutar KEDCO ba ta kai ba kuwa dama ita ce abin dogararsu. Kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani, kada abin da ya sami Baba ya sami wani.

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne a rubuce, cewa idan kaya sun lalace cikin wani wa'adi saboda kuskuren da aka yi wajen ƙera su, kamfani zai gyara ko ya canja ba tare da an biya ba. Ku lura da wannan magana: kuskuren ƙira. Alkawarin bai haɗa da ɓarnar da ta zo ta wurin sakaci, ko amfani ba bisa ƙa'ida ba, ko haɗari. Wato alkawari ne mai ɓangare biyu. Kamfani ya ɗauki nauyin ingancin kayansa, mai saye kuma ya ɗauki nauyin kula da su yadda littafin kayan ya faɗa. Idan kun kai ƙara, abu na fari da za a duba shi ne ko kun cika naku ɓangaren.

Kowane sashe da nasa wa'adi

Sau da yawa mai shago yakan ce, "Wannan sola tana da garantin shekara 25." Maganar faranti kaɗai yake yi, ita ma rabin magana ce. Manyan kamfanonin faranti sukan ba da garanti iri biyu. Na ɗaya shi ne na jikin farantin, yawanci shekara 10 zuwa 12. Na biyu shi ne na ƙarfin wuta, cewa bayan shekara 25 farantin zai ci gaba da ba da kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na fari.

Sauran kayan wa'adinsu gajere ne. Batir mai ruwa, irin dogon nan, yakan zo da shekara 1 zuwa 2. Batirin litiyam mai kyau yakan kai shekara 5. Inbata da kwantirola, wato akwatin da yake daidaita cajin batir, yawanci shekara 1 zuwa 2 ne, wasu kamfanoni su ƙara. Ƙananan sola da suke zuwa a kwali ɗaya da fitilunsu, irin na Sun King da d.light, idan suna da shaidar ingancin VeraSol, ƙa'ida ita ce garantinsu kada ya gaza shekara 2, ƙananan fitilun hannu kuwa shekara 1.

Abin lura a nan shi ne, batir shi ne ya fi saurin mutuwa, yana cikin mafi tsada, shi ne kuma aka fi hana wa garanti.

Batir

Idan naku mai ruwa ne, ku duba ruwan sau ɗaya a wata, lokacin bazara kuwa kowane mako biyu, gama zafi yana sa ya ƙafe da sauri. Kada ƙarafan ciki su taɓa fitowa fili. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna da gishirin ƙasa wanda yake lalata ƙarafan, ko da ruwan yana da daɗin sha. Kada kuma a ƙara asid, domin ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. Masu gwaji suna iya gane abin da aka zuba. Batirin litiyam da rufaffen batir ba a ƙara musu kome, ba a kuma buɗe su.

Kada a riƙa shanye batir mai ruwa har ya mutu ƙurmus kowane dare. Ya fi daɗewa idan ba a wuce rabin cajinsa ba. Wanda aka bari kwana da kwanaki babu caji, wani farin abu yakan daskare a ƙarafansa, daga nan ba ya sake riƙe wuta. Kamfanoni suna lissafta wannan cikin sakaci.

Zafi ma maƙiyin batir ne. An ƙera shi domin yanayi na kimanin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan rage kwanan batir mai ruwa da kusan rabi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40. Saboda haka a ajiye shi a ɗaki mai inuwa da iska, nesa da murhu da fitilar kananzir, domin yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa, takardu da yawa kuma sun hana haka.

Faranti

Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu takan rufe gilashin faranti. Ƙura ba ta kashe garantin faranti kai tsaye, amma ga yadda take cuta: wuta ta ragu, batir ya kasa cika, bayan 'yan watanni ya mutu, a ce kuma rashin caji ne ya kashe shi. Don haka a share faranti aƙalla sau ɗaya a mako lokacin hazo.

Yadda ake sharewa ma yana da ƙa'ida. A yi da sassafe ko da yamma, da tsabtataccen ruwa da ƙyalle mai laushi. Zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. Ban da omo, ban da soson ƙarfe, ban da yashi ko toka. Kada yaro ya taka faranti ko ya durƙusa a kai, gama yana jawo ƙananan tsaga da ido ba ya gani. A wanke kashin tsuntsu da wuri, a kuma sare reshen darbejiya da yake yi wa faranti inuwa, domin wurin da ya rufu yakan yi zafi fiye da saura har ya ƙone. Huda jikin farantin domin ɗaura shi, ko yanke kan wayarsa, duk suna cikin abubuwan da kamfanoni suke kafa hujja da su.

Nauyin da ya fi ƙarfi

Kowace inbata tana da iyakar abin da za ta ɗauka, an rubuta a jikinta. Dutsen guga na lantarki shi kaɗai yakan ci wat 1,000 ko fiye, haka ma hitar dafa ruwa. Sa su a kan ƙaramar inbata kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Sababbin inbata da batiran litiyam da yawa suna ajiye tarihin aikinsu a ciki, mai gwaji zai karanta ya ga abin da ya faru. Musu ba zai yi amfani ba.

Hannun mai gyara

Nan ne mutane da yawa suke yin asara da kyakkyawar niyya. Wuta ta ɗauke, sai a kira yaron da yake gyaran rediyo ko na cajin waya. Ya ɓalle hatimin da yake kan inbata ya buɗe. Ko da bai lalata kome ba, ɓalle hatimin kaɗai ya isa a soke garanti. Wani kuma yakan cire kwantirola ya haɗa faranti da batir kai tsaye, wai domin caji ya yi sauri. Wannan yana dafa batir. Masu solar da ake biya kaɗan kaɗan su ƙara lura, domin buɗe akwatin ya saɓa wa yarjejeniya, ana iya rasa garanti alhali bashi yana nan.

Muddin wa'adi bai ƙare ba, wanda ya sayar ko wakilin kamfani shi za a fara kira. Idan za ku ƙaura da kayan zuwa wani gida, ku sanar da shi tukuna.

Ambaliya da tsawa

Kusan kowace takardar garanti ta ware ambaliya da tsawa da gobara da guguwa da ɓarnar ɓeraye. Mu da muke zaune a kwarin Kogin Haɗejiya ba ma bukatar a tuna mana da ambaliyar 2022 da yadda ta rushe gidajen ƙasa. Batir ko inbatar da ruwa ya shiga ba za a canja ta ba, ko da jiya aka saya. A nan kulawarku ce kaɗai kariya.

A ɗora batir a kan dakali ko benci mai ƙarfi, a kafa inbata a bango sama sosai, a ɗakin da rufinsa ba ya yoyo. Kafin damina a ƙara ɗaure faranti saboda iskar farkon ruwa. A nemi mai haɗawa ya kafa ƙarfen da yake kai wutar tsawa cikin ƙasa. Idan aka ji labarin ruwa yana tahowa, a watan Agusta ko Satumba, a kashe inbata, a raba faranti da kwantirola tukuna, sa'an nan a kwance batir a kai shi tudu tare da hatsi. Ku roƙi mai haɗawa ya nuna muku yadda ake yi tun ranar fari.

Shaida a hannu

Kulawar da babu shaidarta tana da wuyar karewa. Ga abin da muke ba da shawara:

1. Ku karɓi rasit mai sunan shago, da kwanan wata, da lambar da take jikin kowane kaya.
2. Ku sa a cika katin garanti a buga masa hatimi. Maganar baki ba garanti ba ce.
3. Kafin ku biya, ku sa a karanta muku sharuɗan da Hausa. Ku tambaya: ina ake kai kaya idan sun lalace, wa zai biya kuɗin mota?
4. Ku ɗauki hoton takardun da na kayan da waya, ku ajiye takardun cikin leda a wuri mai tsawo.
5. Ku sayi ƙaramin littafi, ku ba ɗan makaranta ɗaya a gida. Ya riƙa rubuta ranar da aka share faranti, da ranar da aka ƙara ruwa, da ranar da mai gyara ya zo da abin da ya yi.
6. Da zarar kun ga canji, ku kai rahoto. Kada ku jira kaya su mutu ko wa'adi ya cika.

Kwamitin da yake riƙe da solar majami'a ko ta asibitin ƙauye shi ma ya naɗa mutum ɗaya a kan wannan aiki, gama abin da yake na kowa shi aka fi mantawa.

Wannan darasi ba sabo ba ne a jiharmu. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ƙungiyar Solar Electric Light Fund ta Amurka ta haɗa kai da gwamnatin Jigawa ta sa sola a ƙauyuka uku, ciki har da Wawan Rafi. Tun daga tsarin aikin aka haɗa da horar da masu gyara na gida da karɓar ɗan kuɗi domin kulawa, saboda an san kafa kaya shi ne mai sauƙi.

Idan an hana ku haƙƙinku

Ba kullum laifin mai saye ba ne. Akwai jabun kaya a kasuwa, akwai kuma masu shago da suke fakewa da kalmar sakaci. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye dama ya mayar da kaya masu aibu cikin wata 3 domin a gyara, ko a canja, ko a mayar da kuɗi. Idan kuna da rasit da littafin kulawa aka kuma ƙi saurarenku, kuna iya kai ƙara wurin hukumar. Ku zo ofishinmu da takardunku, za mu taimaka wajen rubuta wasiƙa.

Shi Baba, bayan kaka ya sayi wani batir. Jikarsa mai aji biyar ce take riƙe da littafin yanzu, kwalbar ruwan batir kuma tana rataye kusa da ƙofa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Mutum nawa ne cikinmu suke da sola, nawa ne kuma za su iya nuna rasit da katin garanti yau?
2. A gidajenmu wa yake share faranti, wa yake duba ruwan batir?
3. Idan ruwa ya shigo gari da dare, ina batiranmu suke ajiye?
4. Akwai matashi a cikinmu da za mu iya haɗa kuɗi mu tura ya koyi wannan aiki sosai?